Me ya sa Martin Luther ya tsira inda aka ƙone Jan Hus?

Tambaya: Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare. Na karanta cewa tun kafin Martin Luther an yi malaman Kirista a Turai da suka soki shugabancin Fafaroma, amma aka kashe su ko aka murƙushe mabiyansu. To me ya sa shi ya sha, har tafiyarsa ta raba Kiristocin Yammacin Turai gida biyu? Kuma gaskiya ne abin da ake cewa duk rigimar a kan kuɗi aka yi ta?

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu ba za ta warware ba sai an bi ta cikin ta farko, don haka zan haɗa su. Kafin nan, a riƙa tuna wa ɗalibai cewa wannan Luther Bajamushe ne na ƙarni na 16, ba Martin Luther King na Amurka da aka harbe a 1968 ba, domin ana yawan cakuɗa su a aji.

Gaskiya ne an riga shi. John Wycliffe, malami a jami'ar Oxford ta Ingila, ya koyar da cewa Littafi Mai Tsarki ya fi ƙarfin kowane shugaban ikilisiya. Ya rasu a 1384, amma a 1428 aka tono ƙasusuwansa aka ƙone, aka zuba tokar a kogi. Jan Hus na birnin Prag a ƙasar Bohemiya ya ɗauki da yawa daga cikin koyarwarsa. Aka kira shi babban taron ikilisiya a garin Konstanz, Sarki Sigismund ya ba shi takardar aman cewa zai je lafiya ya dawo lafiya. Da ya isa aka ɗaure shi, aka ce alkawarin da aka yi wa ɗan bidi'a ba dole ba ne a cika shi, aka ƙone shi da ransa ranar 6 ga Yuli, 1415. Mabiyansa ba su ɓace ba, sun ma yi yaƙi sun kori rundunonin da aka turo musu, sai dai tafiyarsu ba ta yi nisa da iyakar Bohemiya ba.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, Luther ya faɗi abin da ya fi na Hus zafi, aka yanke masa hukunci iri ɗaya, amma ya rasu a kan gadonsa a 1546. Bambancin ba na ƙarfin hali ba ne, domin Hus bai gaza shi jarumta ba. Abubuwa ne suka sauya a tsakani. Amma kafin in zo gare su, sai an san abin da ya dami mutumin, don a nan ne masu cewa kuɗi ne kawai suke yin kuskure.

An haifi Luther a Eisleben a 1483. Mahaifinsa yana harkar haƙar tagulla, kuma burinsa ɗansa ya zama lauya. A watan Yulin 1505 hadari ya rutsa da saurayin a hanya, aradu ta faɗi kusa da shi, ya yi bakance cewa in ya tsira zai shiga zuhudu. Ya cika alkawari, ya shiga gidan 'yan zuhudu na ƙungiyar Agustin a Erfurt. A can ya shiga wani hali da duk mai tsoron Allah zai fahimta, ko wane addini yake bi: yana azumi, yana tsayuwar dare, yana zuwa furta zunubansa har mai sauraronsa, Johann von Staupitz, ya gaji, amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Tambayar da ke cin ransa ita ce, yaya mai zunubi zai san ya yi abin da ya isa Allah ya karɓe shi? Duk abin da ya yi, sai ya ga da saura. Staupitz ne ya tura shi karatu mai zurfi, ya zama dakta a 1512, ya fara koyar da Littafi Mai Tsarki a sabuwar jami'ar Wittenberg. Cikin nazarin wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, musamman sura ta 1 aya ta 17 inda aka ce mai adalci zai rayu ta wurin bangaskiya, ya kai ga matsayar da ya riƙe har ƙarshen ransa: ceto kyauta ce ta alherin Allah, da bangaskiya ake karɓarta, ayyuka nagari kuwa 'ya'yanta ne, ba farashinta ba. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, wajibi ne ya gane cewa daga nan wutar ta tashi.

Kuɗi kuwa shi ne ya hura ta. A koyarwar ikilisiya, wanda ya tuba ya furta zunubinsa an gafarta masa, amma akwai sauran horo da zai sha, ko a duniya ko a wani wurin tsarkakewa bayan mutuwa kafin ya shiga Aljanna. Fafaroma yana da ikon ba da takardar sassauci da ke rage wannan horo, kuma tun 1476 aka yarda mutum ya karɓa wa mamatansa. A ka'ida ba sayen gafara ba ne. A bakin masu talla kuwa ya koma hakan. Wani matashi ɗan gidan sarauta, Albrecht na Brandenburg, ya zama babban bishop na Magdeburg a 1513 yana da shekara 23, a shekara mai zuwa ya haɗa da kujerar Mainz. Dokar ikilisiya ta hana mutum ɗaya riƙe kujeru da yawa, sai ya biya Rum maƙudan kuɗi don a ɗauke masa dokar, kuɗin kuwa rance ne daga gidan attajiran Fugger na Augsburg. Aka shirya a sayar da takardun sassauci a ƙasashensa, rabi a gina sabuwar majami'ar Bitrus a Rum, rabi a biya bashin. Talakawan da ke zuba kuɗinsu ba su san da rabi na biyu ba, shi kansa Luther bai sani ba a lokacin. Abin da ya gani shi ne mutanen Wittenberg suna tsallaka iyaka zuwa garin Jüterbog, inda mai wa'azi Johann Tetzel ya kafa akwatinsa, suna dawowa da takarda a hannu suna ganin ba sauran buƙatar tuba.

Ranar 31 ga Oktoba, 1517, ya aika wa Albrecht wasiƙa tare da batutuwa 95 da yake neman malamai su yi muhawara a kansu. Labarin cewa ya kafa su da ƙusa a ƙofar coci ya shahara, amma masana tarihi suna jayayya a kansa. Wasiƙar dai tana nan har yau. Wanda ya karanta batutuwan zai yi mamakin sanyinsu. Bai musanta Fafaroma ba, bai ma musanta sassaucin gaba ɗaya ba. Ya soki masu cewa da zarar kuɗi ya yi ƙara a cikin akwati rai ya fice daga wurin tsarkakewa. Ya ce ba wa matalauci ya fi sayen takarda. Ya kuma kawo tambayoyin da jama'a ke yi: in Fafaroma yana da ikon fitar da rayuka, me ya hana shi fitar da su duka saboda ƙauna? Kuma me ya sa ba zai gina majami'ar da dukiyarsa ba, sai da ta talakawa? Albrecht ya tura takardar Rum.

Abu na farko da Hus bai samu ba shi ne injin ɗab'i. Gutenberg ya ƙera nasa a Mainz wajen 1450, shekara talatin da biyar bayan an ƙone Hus. Batutuwan Luther da Latin aka rubuta su, don malamai, amma kafin ƙarshen 1517 an buga su a Nuremberg da Leipzig da Basel ba tare da ya nema ba. Shi kuma ya gane abin da ya faɗo hannunsa da wuri. A 1518 ya rubuta gajeren wa'azi a kan batun da Jamusanci, aka yi ta sake buga shi gari-gari. Daga nan ya riƙa fitar da ƙananan littattafai masu arha, cikin harshen da ake yi a kasuwa, maƙwabcinsa mai zane Lucas Cranach yana yi musu hotuna. A 1520 kaɗai ya fitar da manya guda uku, ɗaya yana kiran sarakunan Jamus su gyara ikilisiya da kansu, bugun farko na kwafi 4,000 ya ƙare cikin ɗan lokaci. Mafi yawan mutane ba su iya karatu ba, amma mutum ɗaya zai karanta wa taro, hoto ya yi sauran bayani, waƙoƙin da ya tsara kuma suka shiga bakin mata da yara. Abokan hamayyarsa sun daɗe suna amsa masa da Latin, suna ganin bai kamata a kai zancen tauhidi gaban jahilai ba. Kafin su farga ya riga su zuwa kunnen jama'a.

Amma littafi ba ya tare wuta. Abu na biyu, wanda ni a ganina shi ne ya ceci ransa, shi ne tsarin mulkin Jamus. Babu ƙasa ɗaya mai sarki ɗaya. Akwai daular da ake kira Daular Rum Mai Tsarki, cikinta ɗaruruwan masarautu da birane masu cin gashin kansu, babban sarkinta kuwa manya bakwai ne ke zaɓensa. Ɗaya daga cikin masu zaɓen sarkin nan shi ne Frederick na Saxony, wanda Wittenberg ke ƙarƙashinsa, kuma shi ya kafa jami'ar a 1502. Frederick ba almajirin Luther ba ne. Mutum ne mai tara kayayyakin tarihin tsarkaka, har sun haura 19,000 zuwa 1520, irin abin da Luther ke suka. Ta hannun sakatarensa Georg Spalatin suke mu'amala. Amma ya tsaya kai da fata cewa ba za a ɗauki malamin jami'arsa a kai Rum ba, sai dai a saurare shi a ƙasar Jamus. Shi ya sa a Oktoban 1518 a Augsburg Luther ya gana da wakilin Fafaroma, Kadinal Cajetan, ya ƙi janyewa, ya koma gida. Sai kuma babban sarki Maximilian ya rasu a Janairun 1519. Fafaroma Leo na 10 ba ya son jikan marigayin, Charles na Sifaniya, ya gaje shi, don haka yana buƙatar ƙuri'ar Frederick, har ya aika masa da kyautar girmamawa ta furen zinariya. Shari'ar Luther ta kwanta fiye da shekara guda. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wannan tsakanin ne rigimar ta sauya kama. A muhawarar Leipzig ta Yulin 1519, gogaggen malami Johann Eck ya yi ta matsa wa Luther har ya furta cewa wasu daga cikin maganganun Hus na Kirista ne tsantsa, kuma babban taron ikilisiya ma yana iya kuskure. Daga ranar nan zance ya bar kan takardar sassauci ya koma kan tambayar da ta fi kowace nauyi: wa ke da magana ta ƙarshe a addini, shugabannin ikilisiya ko Nassi? A Yunin 1520 Fafaroma ya ba shi kwana 60 ya janye. Ranar 10 ga Disamba Luther ya ƙone takardar Fafaroman a bainar jama'a. Ranar 3 ga Janairu, 1521, aka kore shi daga ikilisiya.

A Afrilun 1521 aka kira shi majalisar daula a Worms, gaban sabon sarki Charles na 5, ɗan shekara 21, shi ma da takardar aman irin ta Hus. Aka jera littattafansa aka tambaye shi ko zai janye. Ya nemi a ba shi kwana ɗaya. Washegari, 18 ga wata, ya ce in ba a nuna masa kuskurensa daga Nassi ko da hujja bayyananniya ba, ba zai janye komai ba, domin lamirinsa a ɗaure yake da Maganar Allah. Charles ya cika alkawarinsa ya bar shi ya tafi, sannan ya zartar da doka cewa Luther ɗan tawaye ne, haramun ne a ba shi abinci ko masauki. A hanyar komawa mutanen Frederick suka tare shi kamar 'yan fashi, suka ɓoye shi a ganuwar Wartburg. A can, cikin kimanin mako 11, ya fassara Sabon Alkawari daga Girkanci, da taimakon bugun da masani Erasmus ya fitar. Ya fito a Satumbar 1522, aka sake buga shi a Disamba. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya biyo baya a 1534. An buga fassarar Jamusanci kafin tasa, tun 1466, amma daga Latin, kuma da nauyin harshe. Shi kuwa ya ce mai fassara ya saurari uwa a cikin gida, da yara a kan titi, da talaka a kasuwa, ya ga yadda suke magana.

Me ya hana Charles aiwatar da dokarsa? Hannunsa ne ya cika. Yana yaƙi da Sarkin Faransa Francis na 1 a Italiya. Daga gabas Sarkin Turkawa Sulaiman ya ci Belgrade a 1521, ya ragargaza Hungary a Mohács a 1526, ya kewaye Vienna a 1529. Har da Fafaroma ya saɓa, sojojinsa suka wawashe Rum a 1527. Bai sake taka Jamus ba sai 1530, kuma yana buƙatar kuɗi da mayaƙa daga sarakunan da ke kare Luther. A shekarun nan ne birane irin su Nuremberg da Strasbourg da masarautu irin su Hesse suka sauya tsarin ibada. Da majalisar Speyer ta 1529 ta nemi a koma gidan jiya, sarakuna shida da birane 14 suka rubuta takardar ƙin amincewa, daga nan aka samo sunan Furotesta.

A nan kuɗi ya sake shigowa, kuma ba zan ɓoye ba. Sarkin da ya bi sabuwar tafiya yana samun filaye da dukiyar gidajen zuhudu, yana daina aika kuɗi Rum, yana naɗa limaman ƙasarsa. Gustav Vasa na Suwidin a 1527 yana cikin bashi ne lokacin da ya karɓe dukiyar ikilisiya. Henry na 8 na Ingila ya taɓa rubuta littafi yana sukar Luther, har Fafaroma ya ba shi laƙabin mai kare addini a 1521. Abin da ya raba shi da Rum a 1534 shi ne an ƙi warware aurensa da Catherine, ƙanwar mahaifiyar Charles na 5, daga baya kuma ya rushe gidajen zuhudu ya kwashe abin da ke ciki. Amma kuɗi ba zai bayyana William Tyndale ba, wanda ya bar ƙasarsa don ya fassara Sabon Alkawari da Turanci, aka shaƙe shi aka ƙone gawarsa a 1536. Ba zai bayyana dubban masaƙa da maƙera da matan aure da suka zaɓi mutuwa ba, a ɓangaren Furotesta da na Katolika duka.

Akwai kuma abin da nake roƙon kada a tsallake a aji. Kariyar sarakuna tana da farashi, kuma talakawa ne suka biya. A 1525 manoman Jamus suka tashi da buƙatu 12 da aka tsara a Memmingen: su zaɓi limaminsu, a daina ɗaukarsu bayin gona tunda Almasihu ya fanshi kowa, a bar su su yi itace da kamun kifi. Sun ɗauka Luther nasu ne. Da farko ya ɗora laifi kan masu mulki, amma da jini ya fara zuba sai ya rubuta takarda mai tsanani yana kiran sarakuna su sare su ba tausayi. Ana ƙiyasta waɗanda aka kashe sun kai kusan 100,000. A 1543 kuma ya rubuta mummunan littafi a kan Yahudawa yana neman a ƙone majami'unsu, abin da 'yan Nazi suka ɗauko bayan shekara ɗari huɗu, kuma cocin Lutheran na yau sun fito fili sun yi tir da shi.

Su kansu masu gyaran ba su zauna inuwa ɗaya ba. Da zarar an ce Nassi ne alƙali, sai tambaya ta taso: fahimtar wa? A Marburg a 1529 Luther da Zwingli na Zurich suka daidaita a kan batutuwa 14, suka rabu a kan na 15, wato ma'anar Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da Kirista ke ci a ibada don tunawa da Almasihu. Masu cewa sai babba mai hankali za a yi wa baftisma kuwa kowa ya tsananta musu. Hukumar Zurich ta Furotesta ce ta nutsar da Felix Manz a kogi a 1527. A Janeba, inda John Calvin ya kafa tsarin da ya bazu zuwa Faransa da Holan da Sikotilan, an ƙone Michael Servetus a 1553 saboda ya musanta Triniti, wato koyarwar cewa Allah ɗaya ne cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Don haka kada a koya wa yara cewa 'yancin addini ne manufar tafiyar. Sulhun Augsburg na 1555 sarki ya ba wa zaɓi tsakanin Katolika da Lutheran. Talakan da bai yarda ba sai ya tattara nasa ya yi ƙaura. Mabiya Calvin ba su samu shiga ba sai a sulhun Westphalia na 1648, bayan yaƙin shekara 30 ya lalata Jamus.

Hujjar da na fi dogara da ita a kan tambayarka ta biyu tana ɓangaren Katolika. Babban taron Trent, daga 1545 zuwa 1563, ya gyara yawancin abin da aka yi kuka a kai: ya hana tara kujeru, ya tilasta wa bishop zama a yankinsa, ya umarci a kafa makarantun horar da limamai. A 1567 Fafaroma Pius na 5 ya soke duk wani sassauci da aka haɗa da biyan kuɗi. Da kuɗi ne kaɗai matsalar, da an koma an haɗe. Ba a koma ba, domin taron ya tabbatar da cewa Nassi da al'adar ikilisiya tare suke tafiya, ya kuma ƙi koyarwar Luther a kan bangaskiya kaɗai. Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, a Augsburg, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu kan matsaya ɗaya a kan tushen wannan batu na ceto.

In kana son ɗalibai su ga cewa labarin bai tsaya a Turai ba, ga shi a ƙofar gida. Ƙasar Denmark ta koma Lutheran a 1536, daga can ne likita Niels Brønnum ya iso Numan a 1913, aikin da ya haifi cocin Lutheran na Nijeriya da ake kira LCCN, wanda babban bishop ɗinsa na lokacin Musa Panti Filibus ya zama shugaban Tarayyar Lutheran ta Duniya a 2017. Cocin Angilikan na Wusasa reshe ne na abin da ya faro a Ingila, kuma Dakta Walter Miller na wannan mishan yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya kuwa, wadda ta fara a Garkiɗa a 1923, tushenta wata ƙaramar ƙungiya ce da aka kafa a ƙauyen Schwarzenau na Jamus a 1708, magada ga masu baftismar manya da Katolika da Furotesta suka haɗu suka tsananta wa.